Juya Ganye Ka Gani: Lambun Gida Daga Bazara Zuwa Damina

(Kiɗan buɗe shiri. A sassauta shi a hankali.)

Jama'a masu sauraro, barkanmu da zafi. Gaisuwa ga uwargida da ke tsakar gida da mafici a hannu, da maigida da ya jingina rediyo a gindin darbejiya, da 'yan makaranta da suka dawo suna neman randa.

Yau lambu za mu shiga. Ba irin na fadama mai injin ban ruwa da 'yan ƙwadago ba. Ɗan lambun bayan ɗaki nake nufi, taku uku a taku huɗu, ko buhuna biyar a jere jikin katanga, wanda idan miya ta nemi ganye sai dai a miƙa hannu. Tambayar ita ce yadda za mu raka shi daga wannan zafi na bazara har ya shiga damina, mu ci rabonmu, ƙwari ba su riga mu ba.

Bari in fara da tonon asirin kaina. Wata shekara cikin watan Maris na sayo dashen tumatir guda ashirin, na jera su a bayan ɗaki. Taki na ba su, ruwa safe da yamma. Suka yi kore shar, suka fitar da fure rawaya, har na fara yi wa mai ɗakina alkawarin ta yi sallama da mai kayan miya. Sai fure ya fara zuba. Kullum da safe in tarar da shi a ƙasa kamar an watsa. Na zargi iri, na zargi ƙwari, har na fara tunanin ko baki ne ya kama su. Maƙwabcina dattijo, wanda ya shekara da shekaru yana noman rani, ya leƙo ta katanga ya dube su, ya yi dariya, ya ce ba ciwo ke damunsu ba, ni ne na kai kayan sanyi bakin murhu.

Gaskiyarsa. Furen tumatir ba ya ɗaukar 'ya'ya sai garin da ke cikinsa yana da rai, zafin da ya haura digiri 35 da rana, dare kuma ya ƙi sanyi, kashe wannan gari yake yi, sai furen ya bushe ya faɗi. Mu kuwa a Kano, Sakkwato, Maiduguri, Maraɗi da Damagaram, zafin Afrilu yakan wuce digiri 40. Abin da ya sa ke nan manoman Kadawa, Kura da Garun Malam, masu shan ruwan madatsar Tiga, suke dasa nasu ya ci sanyin hunturu, kwando ya yi araha daga Janairu zuwa Maris, sannan farashi ya hau sama idan bazara ta tsaya. Haka latas: da ya ji zafi sai ya miƙe ya yi tsiri ya yi ɗaci. Kabeji da karas ma 'yan hunturu ne.

To me za a shuka? Abin da kakanninmu suka saba ci a wannan lokaci. Kuɓewa, alayyafo, yakuwa, rama, lalo, zogale, gauta da yalo, sai wake da dankalin Hausa ga mai son ganyensu. Waɗannan zafi bai dame su ba muddin saiwarsu na cikin laima. Barkono yakan jure idan ya sami 'yar inuwa, amma attaruhu shi ma yana da halin zubar da fure.

Sai gyaran wuri. A bazara fangali ake yi, wato a ɗan zurfafa wurin kamar faɗin tafin hannu, a tayar masa da baki, don ruwan da aka zuba ya zauna ya nutse, kada ya gudu. A gauraya ƙasar da takin gargajiya da ya ruɓe sosai, wanda ya yi baƙi, warinsa ya mutu. Kashin kaji ɗanye wuta ne, ƙona tsiro yake yi, sai ya kwanta wata biyu ko uku. Wanda tsakar gidansa siminti ne, buhu ya ishe shi: a huda gindinsa wuri biyar ko shida, a cika da ƙasa kashi biyu, taki kashi ɗaya. Buhu ɗaya ya ɗauki kuɓewa biyu. Irin kuɓewa a jiƙa shi ya kwana kafin a binne, zai fi saurin fitowa. Na alayyafo kuwa ƙanana ne kamar ƙwayar yashi, sai a cuɗa shi da yashin kafin a yafa, kada ya fito cunkus wuri guda.

Na san abin da uwargida ke faɗa a ranta: ruwan sha ma sai an tare ɗan ga-ruwa, ina na ba ganye? Hajiya, ruwan yana gidanki. Mu ƙirga. Gida mai mutum goma, kowa ya yi alwala sau biyar da lita ɗaya, lita 50 ke nan a yini, jarka biyu ta 'yan ga-ruwa, kuma duk makwarara take sha. Ki mayar da wurin alwala gefen fangali, ko ki ajiye baho a riƙa yi a ciki. Ƙara da ruwan wanke shinkafa da na wanke kayan miya. Abin da ba a so shi ne ruwan omo, da na bilic, da mai gishiri ko maiƙo.

Lokacin ban ruwa bayan sallar asuba ne, ko bayan la'asar sakaliya. A zuba a gindi, a ƙoshar da ƙasa. Yayyafi sama-sama sau biyar a rana ba ya amfani, sai ma ya koya wa saiwa zama a sama inda rana za ta dafa ta. Gwajin mai sauƙi ne: cusa yatsa a ƙasa har gaɓa biyu. Idan ka ji sanyi, bar ta. Idan ka ji bushi, kawo buta. A kuma kiyaye yunwa da ƙoshi na bazata, yau a bar shuka ta bushe gobe a cika ta da ruwa, shi ke sa gindin tattasai da tumatir ya yi baƙin tabo ya lotsa.

Bayan ruwa, sai rufi. Ƙasa tsirara a rana kamar kai ne ba hula. A shimfiɗa busasshiyar ciyawa, ko ɓawon gyaɗa, ko buntun shinkafa, kaurin yatsu uku, amma a bar ɗan fili tsakaninsa da jikin shukar saboda gara. A kafa 'yar rumfa ta karan dawa mai ratsi-ratsi ta tare ranar azahar zuwa la'asar, ta bar ta hantsi ta shigo. Mai tsohon tulu na ƙasa kuma, ya binne shi har wuya a tsakiyar fangali, ya cika da ruwa ya rufe bakinsa. Yadda randa ke tsattsafo a ɗaki, haka zai riƙa shayar da saiwa a ƙarƙashin ƙasa, rana ba ta sha ko ɗigo ba.

(Gajeren kiɗa.)

Masu sauraro, idan yanzu kuka kama mu, muna zancen lambun gida ne a lokacin zafi. Mun iso wurin baƙin da ba a gayyata ba.

Ku riƙe wannan ko da kun manta sauran: yawancin ƙwarin lambu a bayan ganye suke zama. Mai lambu yakan tsaya daga nesa ya ga kore, ya ce alhamdu lillahi, ya wuce, alhali a ƙarƙashi an kafa gari har da unguwanni. Ranar da ɓarna ta fito sama ta yadda mai wucewa zai gani, an yi mako biyu ana ci. Don haka maganin farko ba a kanti yake ba. Durƙusawa ce, da juya ganye.

Idan ka juya, ga abin da za ka iya tararwa.

Na farko darɓa. Ƙananan ƙwari ne masu laushi, baƙaƙe ko koraye, sun yi cincirindo a kan sabon toho, musamman na wake da kuɓewa. Ruwan jikin shuka suke tsotsa, ganye ya nannaɗe, ya yi danƙo kamar an shafa masa zuma. Alamarsu tururuwa: idan ka ga tana hawa da sauka a jikin shuka ba hutu, bi ta, za ta kai ka. Zaƙin da darɓa ke fitarwa take sha, tana kuma gadinsu kamar makiyayi da garkensa. Idan 'yan kaɗan ne, murje su da yatsa, ko ka tsinke tohon. Idan sun yi yawa, narka ɗan sabulun wanki na sanda, kamar cokali ɗaya a lita ɗaya ta ruwa, ka fesa a bayan ganyen da yamma. Na ce da yamma, domin ni da kaina na taɓa fesawa da tsakar rana, kafin magariba alayyafona ya koma kamar an babbaka.

Na biyu farin ƙuda. Girgiza shuka, idan ka ga wasu farare ƙanana sun tashi kamar an bushe gari, su ne. Tsotsonsu da sauƙi, cutar da suke ɗauka daga shuka zuwa shuka ita ce matsala, mai sa ganyen tumatir, barkono da kuɓewa ya murɗe, shukar ta tsumbure. Wadda ta kamu ba ta warkewa, a tuge ta a fitar, kada tausayi ya sa a rasa sauran. Launin rawaya yana jan farin ƙuda, sai a yanka tsohuwar jarka rawaya, a shafe ta da basilin, a rataya daidai tsayin shuka. Duk wanda ya sauka ya manne.

Na uku jan gizo, ɗan bazara na asali, mai son zafi da ƙura. Da ƙyar ido ke ganinsa. Za ka ga ganyen gauta ya yi ɗigo-ɗigo fari, ya dushe, da siririyar yana a bayansa. Ba ya son laima, don haka wanke bayan ganyen da ruwa kowane kwana biyu yana karya shi.

Sai ƙananan ƙwarin nan masu tsalle da ke mayar da ganyen kuɓewa da rama kamar rariya. Babbar shuka takan jure musu, jaririya ce ke shan wahala. A barbaɗa mata tankaɗaɗɗiyar toka da sassafe, ganye na da danshi. Tsutsa kuma, a lambun taku huɗu, hannu ya fi kowane magani: a tsince a ba kaji.

Akwai wata tsutsa da ta cancanci a ambaci sunanta, wadda manoman Kano suke kira Sharon, masana kuma Tuta absoluta. Asalinta Kudancin Amurka, ta shiga Sifen a 2006, ta iso Najeriya a 2015, a 2016 kuwa ɓarnarta ta kai gwamnatin jihar Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan tumatir. Uwar wani ɗan ƙaramin malam-buɗe-littafi ne mai ruwan toka da ke yawo da dare. Tsutsar takan shige tsakanin fatar ganye biyu ta ci naman ciki, ta bar wani fili fari kamar tagar gilashi, daga nan ta huda 'ya'yan. Ɗaga ganyen ka duba shi a hasken rana, za ka hango ta a ciki. Tsinke shi, ka ƙona ko ka binne da zurfi. Kada kuma a bi tumatir da tumatir a wuri guda, ko da gauta, ko dankalin Turawa, domin dangi ɗaya ne.

Wani maƙiyin a ƙasa yake. Shuka ta sha ruwa amma da azahar ta yi yaushi, ta ƙi girma. Tuge ɗaya ka duba saiwar. Idan ta yi ƙulli-ƙulli kamar carbi, wasu tsutsotsi ne da ido ba ya gani suka shige ta. A nan zafin bazara ya zama abokinka: jiƙa fangalin sharkaf, rufe shi da farar leda mai haske, danne bakinta da ƙasa, ka bar shi mako huɗu zuwa shida a ranar Afrilu. Ƙasar za ta dahu, yawancinsu su mutu. Bayan nan a sa masara ko albasa a wurin kafin a dawo da kuɓewa.

Maganin da ya fi yi mana aiki kuwa yana ƙofar gida: darbejiya, ko dogonyaro, ko maina, ko bedi, kowa da yadda garinsu ke kiranta. A tsinci 'ya'yan da suka nuna suka yi rawaya, a wanke, a shanya a inuwa, a fasa a fitar da ƙwayar, a daka. Rabin kilo na dakakkiyar ƙwaya a bokiti mai lita 10, ya kwana a jiƙe, a tace da tsumma, a sa ɗan sabulu don ya kama ganye, a fesa da yamma, domin hasken rana yana kashe ƙarfinsa. A maimaita bayan mako guda. Kada ka tsaya jiran ganin gawa nan take. Ba haka yake aiki ba: hana ƙwaro ci yake yi, ya hana shi girma, cikin 'yan kwanaki sai ka ga sun ragu. Uwargida, a nemi turmi daban, in ba haka ba yajin gidan zai yi wata guda yana ɗaci.

Ba kowane mai motsi ba ne maƙiyi. Ɗan jan ƙwaron nan mai ɗigon baƙi a baya, darɓa ce abincinsa. Zanzaro da ke gina ɗakin laka a kusurwar zaure, tsutsa yake cusawa ciki don 'ya'yansa, daga lambunka yake ɗebo ta. Ƙoƙi-ƙoƙi da kwaɗo ma'aikata ne da ba a biya. Ƙudan zuma kuma in bai ziyarci furen kabewa ba, ba kabewa. Mai fesa guba ba ji ba gani, su yake fara kashewa.

Ga kashedi, da babbar murya. Fiya-fiya da danginsa ba na ganyen miya ba ne. Ragowar irin wannan guba da aka samu a jikin wake ita ta sa Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen waken Najeriya a 2015. Abin da baƙo ya ƙi karɓa a buhu, kada mu zuba shi a tukunyar 'ya'yanmu. Idan dole ta sa sai an sayi magani, a nemi malamin gona, a sayi mai lambar NAFDAC, a karanta kwana nawa za a jira bayan feshi kafin a tsinka, a kuma cika kwanakin. Alayyafon da ake yanka kowane mako biyu kuwa, a bar shi da sabulu da darbejiya.

Kada mu manta manyan ɓarayi. Akuya za ta share aikin wata biyu kafin a idar da sallah, kaza ta tone iri, ƙadangare ya yanke tsiro. Shingen kara da ƙaya kafin shuka, ba bayan ɓarna ba. Tsohon gidan sauron da aka daina kwana ciki, a lulluɓa wa 'yan tsiro.

(Gajeren kiɗa.)

Wajen ƙarshen Mayu zuwa Yuni hadari zai fara haɗowa, doka kuma ta juya. Kada ruwan farko ya ruɗe ka ka jingine buta, yakan sauka ya ɗauke kwana goma. Amma da damina ta zauna, fangalin da ya cece ka a bazara shi zai nutsar da kai. A fasa bakinsa, a tayar da kunya, a buɗe wa ruwa hanya. Buhuna a ɗora su kan duwatsu. A kwance rumfa, a rage rufin ciyawa, a tsinke shukar da ta yi cunkoso iska ta ratsa, domin laimar Agusta ita ke ruɓar da wuyan ƙananan tsiro su kife.

Girbi kuma yana da ladabinsa. Kuɓewa takan fara fure cikin mako shida zuwa takwas, kwana huɗu zuwa shida bayan furen ɗan ya isa tsinka. Karya bakinsa ka ji: idan ya ce ƙas, na miya ne, idan ya tanƙware ya ƙi karyewa, ya tsufa. A bi ta kowane kwana biyu, domin da an bar 'ya'ya sun ƙosa a jikinta, sai ta ɗauka aikinta ya ƙare ta rage fure. Alayyafo cikin mako uku zuwa huɗu ya isa. Kada a tuge, a yanka a bar kamar taƙi ɗaya a ƙasa, zai sake tohowa sau uku ko huɗu. Zogale idan ya kai ƙirji a datse kansa ya yi rassa, in ba haka ba sai an nemi tsani. Yakuwa a ci ganye, a bar 'yan gindi su kai kaka don zoɓo. Duk tsinka da sanyin safiya ta fi.

Idan abu ya yi yawa fa? Wani malami daga Jigawa, marigayi Mohammed Bah Abba, ya sami kyautar Rolex a 2000 saboda yaɗa dabarar tukunya cikin tukunya: ƙarama a cikin babba, jiƙaƙƙen yashi a tsakani, jiƙaƙƙen tsumma a baki, a ajiye a inuwa mai iska. Ruwan da ke tsattsafowa yana bushewa shi ke janye zafi, ganyen da zai yi yaushi a yini ɗaya ya yi kwanaki. Ta fi aiki a busasshiyar iskar bazara. Sauran a shanya: kuɓewa a yanka ta sha rana, ganye kuwa a inuwa don ya riƙe korensa da amfaninsa. Iri kuma daga shukar da ta fi kowa lafiya ake ajiyewa, ba daga ragowar da aka manta ba. A bar shi ya bushe a jikin uwar, a zuba a kwalba da 'yar toka.

Hukumar Lafiya ta Duniya tana so babba ya ci giram 400 na ganye da 'ya'yan itace a kullum. A kasuwar watan Yuni wannan magana ce ta masu hali. A bayan ɗaki kuwa magana ce ta ruwan alwala da minti goma.

Shekarar da ta biyo bayan abin kunyata, a daidai wurin da furen tumatir ya zube, kuɓewa da alayyafo na sa. Dattijon nan ya sake leƙowa ta katanga. Wannan karon bai yi dariya ba, kwano ya miƙo.

Aikin gida, jama'a: gobe in Allah ya kai mu, bayan an shafa addu'ar asuba, kafin a ɗora shayi, a ɗauki buta a je lambu, a durƙusa, a juya ganye goma. Wanda bai shuka ba tukuna, ya jiƙa irin kuɓewarsa yau da dare.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya tsare mana abin da muka shuka. Sai mako mai zuwa idan mai duka ya kai mu.

(Kiɗan rufe shiri.)